Yadda Aka Samo Maganin Sankarar Jini Daga Ɓeran Masar

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, ku da kuke zaune bakin fadama inda sauro ya yi yawa, kun saba da masassara. To, akwai wani ciwo mai kama da ita. Yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka ko an ba shi maganin sauro, dasashinsa na jini, ƙasusuwa na ciwo. Wannan yana iya zama sankarar jini, wadda kan fara daga ɓargo.

A da, yaron da ta kama da wuya ya kai shekara. Cikin 1953 wani likita a birnin New York na Amurka, John Kidd, ya ɗebi ruwan jinin ɓeran Masar ya yi wa ɓeraye masu sankara allura. Sai ƙarin ya narke. Ya gwada na zomo da na doki, ba su yi kome ba. Shekara takwas ba wanda ya san dalili, sai 1961 John Broome ya gane wani sinadari ne cikin jinin, sunansa asparaginase.

Ga yadda yake aiki. Akwai wani abinci cikin jini, asparagine. Ƙwayoyin jiki masu lafiya suna yin nasu, kamar manomi mai shinkafa a rumbu. Ƙwayoyin sankara ba su iyawa, kullum sai sun yi awo. Maganin nan kasuwar yake tashi: mai rumbu ya ci, mai awo ya mutu da yunwa.

Amma ɓeraye nawa za a yanka saboda yaro guda? Cikin 1964 aka sami sinadarin jikin wata ƙwayar cuta ta hanji, E. coli, wadda ake iya renonta da yawa. Amurka ta yarda da shi cikin 1978. Ba shi kaɗai ake bayarwa ba, ana gama shi da waɗansu magunguna, kuma yakan tayar wa wasu da borin jini, saboda haka sai gaban likita.

Yau a ƙasashe masu arziki wajen yara 9 cikin 10 suna warkewa daga irin da ya fi kama yara. A ƙasashe irin tamu ba su kai 3 ba, yawanci don an makara, ko kuɗi sun ƙare an bar magani a tsakiya, alhali yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku. In masassarar yaro ta ƙi jin magani, ku kai shi Asibitin Sir Yahaya a auna jininsa. In likita ya ce Sakkwato, asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, kada ku jira sai an gama yankan shinkafa.