Wayar salula da tuƙi: yadda ake kashe sanarwar saƙonni kafin a hau hanya

Sanarwa ita ce duk wata ƙara, girgiza ko haske da wayar salula ke yi domin shaida wa mai ita cewa saƙo ya shigo, ko na SMS ne, ko WhatsApp, ko Facebook, ko TikTok. An tsara ta ne domin ta fizgi hankalin mutum nan take. Ga wanda ke zaune a gida wannan ba matsala ba ce, amma ga mai riƙe da sitiyarin mota ko kan babur, fizgar hankali na daƙiƙa kaɗan na iya janyo asarar rai.

Girman haɗarin

A rahotonta na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba. Hukumar ta kuma ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari har wajen sau 4.

Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa 4 yana duba saƙo, ya yi tafiyar mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo, ba tare da ya ga gabansa ba. A kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, wannan tazara ta isa amalanke ko garken dabbobi ya shigo kan kwalta. A cikin gari ma, mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa 2.

Waya tana raba direba da abu uku: idonsa ya bar hanya, hannunsa ya bar sitiyari, tunaninsa ya koma kan abin da aka aiko. Na ukun shi ya fi daɗewa, domin ko bayan an ajiye wayar, zuciya na nan kan saƙon. Shi ya sa na'urar saƙalawa a kunne ba ta kawar da haɗarin. Ƙasar Faransa ta haramta wa direbobi sa ta tun ranar 1 ga watan Yulin 2015.

Dabarar da ta fi inganci ita ce a hana wayar yin ƙara tun kafin a tada mota, domin da zarar ta yi ƙara, da wuya mutum ya daure bai duba ba.

Wayoyin Android

Wayoyi irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung na zamani suna da tsarin "kar a dame ni", wanda a wayar da ke cikin Faransanci ake rubuta shi "Ne pas déranger". Ana samun sa idan aka jawo fuskar wayar daga sama zuwa ƙasa, ko kuma a cikin "Paramètres", sashen ƙara ko na sanarwa. Idan aka kunna shi, saƙonni na ci gaba da shigowa, sai dai shiru, kuma babu wanda zai ɓace.

Ana iya ware lambobi kaɗan, kamar na iyali ko na mai mota, waɗanda kiransu zai riƙa shigowa. Akwai kuma zaɓin da ke barin kira ya wuce idan mutum ɗaya ya sake bugowa cikin minti 15, alamar cewa maganar ta gaggawa ce.

Wayoyin iPhone

Kamfanin Apple ya shigo da tsari na musamman domin masu tuƙi a shekarar 2017. Yanzu ana samun sa a "Réglages", sai "Concentration", sai "Conduite". Ana iya kunna shi da hannu, ko a bar shi ya kunna kansa idan wayar ta gane cewa mota na tafiya, ko idan ta haɗu da Bluetooth na motar. Yana kuma iya mayar da amsa da kansa ga wanda ya aiko saƙo, cewa mai wayar na tuƙi.

WhatsApp da intanet

Zaurukan WhatsApp na dangi, na unguwa da na ƴan kasuwa su ne suka fi yawan ƙara. Ana iya sa kowane zaure ya yi shiru na awa 8, ko mako 1, ko har abada, ba tare da an fita daga cikinsa ba. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce kashe intanet ɗin wayar baki ɗaya: saƙonnin WhatsApp da Facebook za su jira, amma kiran waya na yau da kullum zai shigo. Mai amfani da taswirar Google Maps zai iya sauke taswirar yankin tun a gida, ya sa inda za shi kafin tashi, ya riƙa bin muryar kawai.

Waɗanda waya ce abincinsu

Ƴan kabu-kabu, masu taksi da direbobin manyan motoci ba za su iya kashe waya duk yini ba, tunda ta nan fasinja da masu kaya ke neman su. Abin da ya dace su yi shi ne kashe sanarwar saƙonni, su bar kira kawai. Idan kira ya shigo, sai a sauka gefen hanya inda ake hangen mutum daga nesa, a tsaya cak, sannan a amsa. Maƙala waya tsakanin kunne da kafaɗa a kan babur na hana waiwaye, yana kuma rage ƙarfin riƙon kai. Direban da ke tare da yaron mota sai ya miƙa masa wayar.

Ƴan uwa ma na da nasu rabon. Wanda ya san ɗan uwansa na kan hanya, ya bar masa saƙo ɗaya ya jira, kar ya yi ta bugowa. Fasinja kuma na da haƙƙin ya roƙi direba cikin ladabi ya ajiye waya, domin rayuwar duk waɗanda ke cikin motar na hannunsa.