Kifin Zinare: Daga Tafkunan Sin Zuwa Falon Sakkwato

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙin kifi ba ne. Gulbin Rima na bayan gari, madatsar Goronyo na gabas da mu, kuma tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin kamun kifi na can ya zama abin da duniya ta san yankinmu da shi. Sai dai saninmu da kifi sanin tukunya ne. Mun san tarwaɗa, mun san karfasa da giwan ruwa. Kifin da ake ajiyewa don kallo kawai sabon abu ne a gidajenmu, shi ya sa ɗan jan kifin nan da ake sayo wa yara a ƙwaryar gilashi ba ya cika daɗewa. Idan ya mutu sai mu ce dama ba shi da ƙwari. Tarihinsa bai yarda da wannan magana ba.

Asalin kifin zinare daga ƙasar Sin ne, kuma kakansa kifin ci ne mai launin toka-toka. Jefi-jefi akan samu ɗaya ya fito ja ko ruwan ɗorawa. Mabiya addinin Buda suna da al'adar sakin dabbobi don neman lada, sai irin waɗannan kifaye suka taru a tafkunan wuraren ibadarsu, inda babu mai kama su. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, aka shiga kiwonsu da gangan a tafkunan masu mulki. Da daular Ming ta zo a 1368, kifin ya bar tafki ya koma manyan kasake na tangaran a cikin gida. A 1596 wani mai suna Zhang Qiande ya rubuta littafi sukutum a kan kiwonsa.

Wannan ƙaura ta sauya jikin kifin. A cikin kasko babu abin da zai farauce shi, don haka masu kiwo suka riƙa zaɓen mai gajeren jiki, mai tulun ciki, mai wutsiya biyu. Ado ya samu, amma hanji da jakar iskar da ke daidaita shi a ruwa suka matsu a ƙaramin wuri. Shi ya sa har yau masu tulun ciki su suka fi yawan kifewa ko yawo a karkace bayan sun ci sun ƙoshi.

Kifin ya isa Turai a ƙarni na 17, can ne kuma ƙwaryar gilashi ta zama abin yayi. Kaskon mutanen Sin mai faɗin baki ne, iska na shiga ruwansa sosai. Ƙwaryar gilashi kuwa bakinta a tsuke yake, ruwanta kaɗan. A 1849 wani masanin kimiyya a Landan, Robert Warington, ya zuba kifin zinare biyu da ciyawar ruwa a babban gilashi, da ruwan ya fara lalacewa ya ƙara dodon koɗi su cinye ruɓaɓɓen ganye. Ya nuna cewa rayuwar kifi tana rataye ne a kan lafiyar ruwansa. Daga baya aka gano sauran bayanin: kifi na fitar da gubar amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke warware ta, kuma suna buƙatar makonni kafin su kafu a sabon tanki.

Sauyi na ƙarshe ya zo ta wajen abinci. A da, mai kiwo sai ya fita neman tsutsotsi da ƙananan ƙwarin ruwa, wahalar nema kuma ita ke hana shi wuce gona da iri. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Tetra na Ulrich Baensch a Jamus ya fito da busasshen abinci a gwangwani. Ciyarwa ta zama abin wasan yara. Matsalar ita ce kifin zinare ba shi da tumbin da zai tara abinci, daga maƙogwaro sai hanji, don haka kullum kamar mai yunwa yake. Abin da ya ci yana fita da sauri, abin da ya rage ya ruɓe a ƙasa, duka biyun su koma amoniya. Daga nan sai jan jini a wutsiya, zaizayewar fiffike, da fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gishiri, waɗanda wata ƙwayar cuta ke kawowa idan jiki ya yi rauni.

A nan Sakkwato muna da ƙarin abu biyu. Na farko zafi. Kifin zinare na ruwa mai sanyi-sanyi ne, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Idan aka ɗauke wuta, injin kumfa ya tsaya, sai ka gan shi a saman ruwa yana buɗe baki. Na biyu, tarwaɗa ta ruɗe mu. Ita tana da wata gaɓa ta shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya yi baƙi a bahon 'yan kasuwa. Kifin zinare ba shi da wannan gata.

Maganin ba mai tsada ba ne. A samu mazubi mai faɗin baki da ruwa mai yawa, a ajiye shi a inuwa nesa da taga. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a riƙa haɗa masa da ɗan tafasasshen alayyafo. Duk mako a kwashe kamar rubu'in ruwan a zuba sabo, kada a juye duka a wanke da sabulu, don hakan na kashe bakteriyar da ke tsare shi. Ruwan famfo mai kulorin sai an sa masa maganin cire ta, ko a bar shi ya kwana a buɗe.

Biranen Monza da Roma na Italiya sun hana ajiye kifi a ƙwaryar gilashi a 2004 da 2005. Wani kifin zinare mai suna Tish ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43. Ko ba a kai can ba, shekara 10 ba abin mamaki ba ne ga wanda ya samu kula. Dabbar da aka ɗauko daga ruwanta aka kawo falo ta zama amana, ba ta da bakin kuka, ba ta da hanyar gudu. Kafin mu sake saya wa yaro wani, mu fara tanadar masa ruwa.