Daga Harsashi Zuwa Barkono

A ranar 14 ga watan Mayu na 1805, mutum shida daga ayarin Lewis da Clark, masu binciken yammacin Amurka, suka lallaɓa kusa da wata ƙatuwar beyar a gaɓar kogin Missouri. Dukansu gwanayen harbi ne. Suka sakar mata wuta, amma maimakon ta faɗi sai ta yo kansu. Biyu daga cikinsu suka yar da bindigogi suka faɗa kogi, ta bi su ciki, sai da wani ya same ta a ka sannan ta mutu. Da aka feɗe ta, an ga harsashi takwas sun ratsa jikinta.

Duk da wannan darasi, bindiga ce ta ci gaba da zama abin dogaro a dazukan Amurka. An yi ta kashe irin wannan beyar da ake kira girizli, har yawanta a jihohin da ke kudu da Kanada ya faɗo daga kimanin 50,000 zuwa ƙasa da 1,000. A 1975 gwamnati ta sa ta cikin dabbobin da doka ke karewa. Daga nan tambaya ta canja: yaya mutum zai tsira ba tare da ya kashe dabbar ba?

Amsar ta fito daga Jami'ar Montana a shekarun 1980, inda Charles Jonkel da ɗalibarsa Carrie Hunt suka gwada abubuwa iri-iri a kan beyar da ke tsare. Wanda ya fi korar ta shi ne sinadarin da ke sa barkono yaji. Hancin beyar ya fi na kare jin ƙanshi, don haka feshin kan toshe mata numfashi da gani na ɗan lokaci, ta juya ta gudu.

Daga baya Tom Smith da Stephen Herrero suka bi tarihin arangamar mutane da beyar a Alaska. A bincikensu na 2008, feshin ya tsayar da girizli a kashi 92 cikin ɗari na lokutan, kuma kashi 98 na mutanen sun tsira ba rauni. A na 2012 sun duba arangama 269 ta masu bindiga, daga 1883 zuwa 2009. Ƙaramar bindiga ta yi nasara a kashi 84, doguwa a kashi 76, an kuma kashe beyar 172.

Sai dai mu yi hattara da waɗannan alƙaluma. Da yawa daga waɗanda aka fesa wa barkonon leƙe ne ko neman abinci ya kawo su, ba farmaki ba, kuma iska mai ƙarfi na iya mayar wa mai feshi da kayansa.

Abin da muke iya ɗauka daga tarihin shi ne bambancin abin da kowane makami ke nema a wurin mai riƙe da shi. Beyar na gudun da ya kai kilomita 50 a awa. Mai bindiga na da 'yan daƙiƙu ya saita wuri mai kisa alhali jikinsa na ɓari, in kuma ya raunata ta kawai, ya ƙara tunzura ta. Mai feshi kuwa hayaƙi yake bazawa a gabansa, ko hannunsa na rawa zai same ta. Shi ya sa a yau hukumar gandun dajin Yellowstone ke shawartar duk mai shiga daji a ƙafa ya rataya gwangwanin barkono a inda hannunsa zai kai nan take.