Daga Zungeru zuwa Papiri: Kukan da duniya ke ji da wanda take toshe wa kunne

Ranar 8 ga Disamba 2025, Gidan Gwamnati da ke Minna ya cika maƙil da 'yan jarida. Motoci sun shigo da yara 100 'yan makarantar St. Mary ta Papiri, a ƙaramar hukumar Agwara, waɗanda 'yan bindiga suka kwashe da daren 21 ga Nuwamba, kuma Gwamna Mohammed Umaru Bago ya karɓe su. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya ta ce ɗalibai 303 da malamai 12 aka ɗauke a farko. Kwana biyu kacal da faruwar abin, Paparoma Leo na 14 ya yi roƙo daga fadar Vatican a saki yaran. Sunan Papiri, ƙauyen da ko a cikin Neja ba kowa ya san shi ba, ya shiga bakin 'yan siyasar Amurka da gidajen talabijin na Turai. Kafin Kirsimeti aka sako ragowar.

Shekara huɗu kafin nan, a ƙarshen Agustan 2021, wannan gida ya karɓi wasu yaran. Su ne 'yan Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina, a ƙaramar hukumar Rafi, waɗanda aka kora cikin daji ranar 30 ga Mayu, su fiye da 130. Wasu ba su wuce shekara biyar ba. Kusan wata uku suka yi a hannun 'yan bindiga. Iyayensu talakawa suka yi ta sayar da abin da suka mallaka, ana yawo da ƙoƙon bara domin haɗa kuɗin fansa. Yara wajen 90 aka kawo Minna, a rame, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa, kuma shugaban makarantar ya bayyana cewa wasu sun rasu a can. Kamfanonin dillancin labarai sun ba da rahoto, UNICEF ta yi Allah wadai, amma duniya ba ta girgiza ba.

Yaran Papiri sun cancanci duk wani kuka da aka yi dominsu, har ma fiye. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa yaran Tegina ba su sami irinsa ba. Amsar tana cikin tarihin wannan ƙasa ta Neja, kuma ta girmi jihar kanta, wadda aka ƙirƙira a 1976.

A farkon ƙarni na 20, babu sunan da Turawan Ingila ke ambata da ɓacin rai a wannan yanki kamar na Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse. Hare-haren kamun bayi da ya yi ta kaiwa ƙasar Gbagyi da Kambari gaskiya ne, ya tashi garuruwa da dama, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Frederick Lugard, shugaban mulkin mallakar Ingila a Arewa, ya riƙe wannan ta'asa a matsayin hujja a rahotannin da yake aikawa Landan. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora da Bida, aka shaida wa mutanen Ingila cewa an zo ceton raunana ne. Ibrahim ya gudu, daga baya aka kama shi. A 1903 kuma Turawan nan da kansu suka mayar da shi kan gadon sarautar Kwantagora, domin sun ga babu wanda zai riƙe musu ƙasar kamarsa. Da bukata ta biya, fushin ya huce.

A lokacin, hedikwatar mulkin Arewa tana Zungeru, tafiya kaɗan daga Minna. Daga can aka tsara martanin abin da ya faru a Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, inda talakawa da bayin da suka gudo suka yi bore a Fabrairun 1906, suka kashe Turawa uku da sojoji baƙar fata fiye da 20. Ranar 10 ga Maris sojojin Turawa suka dira wa garin da bindigogi masu aman wuta, alhali mafi yawan mutanen gatura da fartanya ne a hannunsu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe mutum kusan 2,000, aka baje garin, aka hana kowa sake zama a wurin.

A daidai wannan shekara Ingila tana tafasa da fushi kan zalunci a Afirka, amma na wata ƙasa. Tun 1904 Edmund Morel ya kafa ƙungiyar neman gyara a Kwango, ana taruka a majami'u da zaurukan birane, ana nuna hotunan mutanen da aka yanke wa hannu saboda sun kasa kawo roba ga ma'aikatan Sarki Leopold na Beljiyam. Gangamin ya yi tasiri, domin a 1908 an karɓe Kwango daga hannun Leopold. Satiru kuwa ba ta sami taro irin wannan ba. Wasu jami'an ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka sun nuna damuwa a cikin takardunsu na cikin gida, maganar ta mutu a nan. Laifin Kwango na wani sarki ne na ƙetare, na Satiru kuwa na gida ne.

Ita kanta Minna hanyar jirgin ƙasa ce ta raya ta. An fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911. Gwamnatin da ta yi shelar hana bauta ita ce ta ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin kawo dubban leburori, aka riƙa ɗibar manoman Nupe da Gbagyi daga gonakinsu zuwa aikin tilas. A 1909 mutanen Gussoro, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Shiroro, suka yi tawaye, aka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandan da ke tare da shi, sai aka tura sojoji suka hukunta garin. Masu binciken tarihi sun danganta boren da wannan ɗibar mutane. Manomin Gbagyi da aka yi kuka dominsa a 1901, lokacin da mai kama shi Sarkin Kwantagora ne, bai sami mai yi masa kuka ba da mai ɗibarsa ya zama Gwamna.

Bayan shekara ɗari, salon bai sauya sosai ba. Ranar Kirsimetin 2011 bam ya tashi a majami'ar St. Theresa da ke Madalla kusa da Suleja, ya hallaka gomman masu ibada. Fadar White House da Majalisar Ɗinkin Duniya da Paparoma Benedict duk sun yi magana, kuma haka ya kamata. Ranar 25 ga Oktoba 2021, 'yan bindiga suka shiga masallacin Mazakuka a ƙaramar hukumar Mashegu ana sallar asuba, suka kashe mutum 18. Labarin bai kwana biyu a kafafen duniya ba.

Kuskure ne a ɗauka cewa addini kaɗai ke raba wanda ake ji da wanda ba a ji. Ƙauyukan Shiroro da Munya cike suke da Kiristoci da Musulmi, gida ɗaya ma sai a sami duka biyun, kuma tare aka tashe su. A Afrilun 2021 dubbansu suka kwararo Minna, aka tsugunar da su a makarantar firamare ta IBB. A nan ne Gwamna Abubakar Sani Bello ya shaida wa duniya cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure, kuma Abuja ba ta da nisa daga wurin. Wata biyu kafin nan an sace mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, aka harbe ɗalibi ɗaya. A Janairun 2023 aka ƙona Fada Isaac Achi a gidansa da ke Kafin Koro, shi da ya tsira daga bam ɗin Madalla. Duk waɗannan sun faru ba tare da wata babbar ƙasa ta yi barazanar ɗaukar mataki ba.

Abin da ke sauyawa shi ne siyasar Amurka. A Disamban 2020 gwamnatin Donald Trump ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini. A Nuwamban 2021, shekarar Kagara da Tegina da Mazakuka, gwamnatin Joe Biden ta cire ta, ana gobe sakataren harkokin wajenta Antony Blinken zai sauka Abuja. Ranar 31 ga Oktoba 2025 Trump ya mayar da ita, washegari kuma ya yi barazanar turo soja a kan abin da ya kira kisan Kiristoci. Mako uku bayan haka aka kai harin Papiri, sai ya faɗa cikin muhawarar da ake tsaka da yi a Washington. A tsawon waɗannan shekaru biyar, manomin Shiroro ko Munya bai ga wani bambanci a gonarsa ba tsakanin lokacin da sunan ƙasarsa ke cikin jerin da lokacin da ba ya ciki.

Shirun ya fi tsanani idan ana zargin hukuma ce da kanta. A Afrilun 2022 mutanen Kurebe da ƙungiyoyin al'ummar Shiroro suka ce jirgin yaƙi ya jefa bam ya kashe yara shida. Manyan ƙasashe ba su cika ɗaga murya a irin wannan ba, kasancewar abokan cinikin makamai ne: jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta saya daga Amurka, waɗanda suka fara isowa a Yulin 2021, a sansanin Kainji cikin jihar Neja aka girke su.

Sauran Arewa ma ta san wannan. A Fabrairun 2014 an yi wa ɗalibai maza gommai kisan gilla a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, duniya ba ta motsa ba. Bayan mako bakwai aka sace 'yan mata 276 a Chibok, har uwargidan shugaban Amurka Michelle Obama ta ɗaga allo. A Janairun 2015 shugabannin ƙasashe fiye da 40 sun yi maci a Paris saboda mutum 17 da aka kashe, a makon da Boko Haram ta kashe ɗaruruwa a Baga. Abin lura game da Chibok shi ne a gida aka kunna wutar. 'Yan Najeriya ne suka yi ta zaman dirshan a Abuja, suna riƙe da sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, har duniya ta rasa yadda za ta kau da kai.

A nan ne nauyin ya dawo kan mutanen Neja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba daidai ba ne a zargi baƙo da zaɓen wanda zai yi wa kuka alhali a gida ma haka ake yi: masallaci ya tuna Mazakuka ya manta Madalla, majami'a ta tuna Papiri ta manta Tegina. Duk lokacin da aka rabu haka, an ba na waje dama ya ɗauki rabin labarin da ya dace da bukatarsa, kamar yadda aka yi a 1901.

Jihar Neja tana da abin da ake bukata domin gyara wannan. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar IBB a Lapai, akwai reshen Jama'atu Nasril Islam da na Ƙungiyar Kiristoci, akwai masarautu da ƙungiyoyin matasan Shiroro da Rafi da Munya da Mashegu waɗanda suka san kowane ƙauye da sunansa. Ya kamata gwamnatin jiha ta haɗa su su tattara kundi guda na duk wanda aka kashe, ko aka sace, ko aka raba da gidansa tun daga 2011, da suna da gari da rana, ko wane ne ya aikata, ɗan bindiga ne ko jirgin gwamnati. A buga shi, a karanta shi a majalisar dokokin jiha, a kuma miƙa wa duk jakadan da ya zo Minna jaje, domin ya koma gida da labarin gaba ɗayansa.