Daga Amana zuwa Igama: Tarihin Sharuɗɗan Zama da Aure ga Baƙo a Ƙasar Hijaz

Gabatarwa

Tun zamanin magabata akwai buri guda da yake zaune a zukatan dattawan Musulmi, wato mutum ya ƙarasa sauran kwanakinsa a Makka ko Madina, in ajali ya zo a binne shi a Ma'ala ko Baƙi'a. Malamai suna kiran irin wannan zama mujawara, ma'ana maƙwabtaka da Harami. A yau duk wanda ya ƙudura wannan niyya, abin da zai fara cin karo da shi shi ne maganar biza da igama da kafili da yawan abin da ya mallaka. Haka nan baƙon da ya nemi aure a can. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka zo nan. Abin da take son tabbatarwa shi ne, gindaya wa baƙo wa'adi da sharaɗin dukiya tsohon al'amari ne a fiƙihu, amma a kan wanda ba Musulmi ba aka san shi. Ɗora shi a kan Musulmi mai nufin Haramaini ya kai kimanin shekara ɗari biyu da farawa, kuma annoba da mulkin mallaka da kafuwar ƙasashe masu iyaka ne suka haife shi.

Amana da hukuncin musta'min

Asalin izinin shiga ƙasa a Musulunci shi ne amana. Aya ta 6 a Suratut Tauba ta umarci Annabi (SAW) da ya ba mushirikin da ya nemi mafaka kariya har ya ji maganar Allah, sannan a isar da shi inda zai aminta. A ranar buɗe Makka kuma Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib (RA) ta ba wani mutum amana, Annabi (SAW) ya zartar da ita, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Daga nan malamai suka fahimci cewa ɗaiɗaikun Musulmi, mace ko namiji, suna iya bayar da amana.

Wanda ya shigo da irin wannan izini shi ake kira musta'min. Muhammad ɗan Hasan Shaibani (ya rasu 189H/805M) ya faɗaɗa hukunce-hukuncensa a littafinsa As-Siyarul Kabir, wanda Sarakhsi ya yi wa sharhi. Hanafawa sun ce ba a barin musta'min ya cika shekara. Idan shugaba ya gargaɗe shi ya kuma zarce, ya zama ɗan amana na dindindin, wato zimmi, jizya ta hau kansa. Shafi'awa sun yanke wa'adin a wata huɗu. Ta fuskar dukiya, Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar (RA) ya sanya a karɓi ɗaya bisa arba'in daga hajar ɗan kasuwa Musulmi, ɗaya bisa ashirin daga zimmi, ɗaya bisa goma daga wanda ya zo daga ƙasar abokan gaba.

Abin lura a nan shi ne hanyoyi biyu da Hanafawa suka ambata waɗanda suke mayar da baƙo mazauni. Ta farko, idan ya sayi ƙasar noma aka ɗora masa harajinta. Ta biyu, idan mace musta'mina ta auri Musulmi ko zimmi, domin mace tana bin mijinta a wurin zama. Amma namiji musta'min da ya auri zimmiya bai zama mazauni ba, tunda yana iya sakinta ya koma gida. Wato dukiya da aure, waɗanda su ne manyan ƙofofin samun izinin zama a dokokin ƙasashen yau, malaman fiƙihu sun riga sun tattauna su fiye da shekara dubu da ta wuce.

Musulmi a ƙasar Musulmi

Duk waɗannan sharuɗɗa ba su shafi Musulmi ba. Ibn Baɗɗuɗa ya bar Tanja a 725H/1325M, ya yi mujawara a Makka, ya zama alƙali a Delhi ƙarƙashin Sarki Muhammad ɗan Tughluƙ, ya sake yin alƙalanci a tsibiran Maldibs ya kuma yi aure a can, babu wanda ya tambaye shi shaidar zama ɗan ƙasa. Gaskiya ne ya ambaci shingen Ƙaɗya tsakanin Masar da Sham, inda ba a wucewa sai da takarda, amma wannan tsaro ne da karɓar haraji a hanya, bai hana mutum zama inda ya ga dama ba.

Saɓanin malamai game da mujawara ma na zuciya ne. Abu Hanifa ya karhanta zama a Makka, almajiransa Abu Yusuf da Shaibani kuwa, tare da Shafi'i da Ahmad, sun so shi. Gazali ya bayyana a Ihya'u dalilai uku na masu karhantawa: tsoron kada sabo ya rage kwarjinin Ɗakin a zuciya, da cewa nisa yana rura begen komawa, da tsoron aikata saɓo a wurin da zunubi yake da nauyi. Babu wanda ya kawo batun kuɗi. Zamakhshari ya sami laƙabin Jarullahi saboda daɗewarsa a Makka, Juwaini kuma aka kira shi Imamul Haramaini. Daga Afirka ta Yamma, Shaihu Salihu al-Fullani na Futa Jalon ya zauna a Madina yana karantar da hadisi har ya rasu a 1218H/1803M. Talakawan mujawirai kuwa waƙafi ne yake ɗauke da su: gidajen ribaɗi, da kyautar shekara-shekara da sarakunan Istanbul suke aikowa, da gidan ciyarwa na Masar da Muhammad Ali Basha ya gina a Makka.

A batun aure ma haka abin yake. Imam Malik bai sanya dangantaka ko asalin ƙasa cikin sharuɗɗan dacewar miji da mata ba, addini da kuɓuta daga aibi ya duba. Abu Huzaifa (RA) ya aurar da 'yar ɗan'uwansa, Baƙuraishiya, ga Salim wanda 'yantaccen bawa ne. Abin da ake nema a hannun miji na dukiya shi ne sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne, da iya ciyarwa.

Mazhabar Malik da hanyar gabas

Akwai mas'ala ɗaya da ta bayyana dalilin yawan mutanen ƙasar Hausa da Barno a kan hanyar Makka. Jumhur sun fassara ikon zuwa hajji da mallakar guzuri da abin hawa. Malikiyya kuwa, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, sun ce wanda zai iya tafiya da ƙafa, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, kuma akwai aminci, to hajji ya hau kansa ko ba shi da guzuri. Da wannan fahimta manomi ko maɗinki ko wanzami yake kama hanya da iyalinsa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana aiki yana gaba, tafiyar ta ɗauki shekaru.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, tafiyar ta ɗauki sunan hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, Alfa Hashim kuma ya isa Madina ya zama madogarar baƙin Afirka ta Yamma har rasuwarsa a 1931. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka riƙe dubban matafiya, waɗansu har jikokinsu suna nan suna kiran kansu masu niyyar hajji.

Annoba da mulkin mallaka

Turawan Holan ne suka fara sanya kuɗi a matsayin shinge. A 1825 suka wajabta wa mai zuwa hajji daga Jawa sayen takardar izini ta gulda 110, a 1859 kuma suka ce sai ya nuna yana da abin da zai kai shi ya dawo da shi, da abin da iyalinsa za su ci a bayansa. Tsoronsu na siyasa ne, kada alhazai su dawo da ra'ayin tawaye.

Sai annobar kwalara ta 1865 ta hallaka dubban alhazai, ta bi jiragen ruwa zuwa Masar da Turai. Taron kiwon lafiya na ƙasashe da aka yi a Istanbul a 1866 ya ɗora alhakin a kan cunkoson mahajjata, musamman matalauta daga Indiya. Daga nan aka kafa wuraren killace matafiya a tsibirin Kamaran da Ɗur ta Sina'i, aka kuma fara matsa wa alhaji ya riƙe fasfo da tikitin dawowa ko ya ajiye kuɗin komawarsa. A shekarun 1920 da 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya da ta Sudan sun shimfiɗa irin wannan tsari, na fasfon alhaji da kuɗin ajiya da killacewa a Sawakin. Waɗanda ba su da hali sai suka riƙa zagayewa ta gaɓar Iritiriya, suna tsallaka Bahar Maliya cikin kwale-kwale. Tun daga lokacin aka sami alhazai iri biyu, mai takarda da marar takarda.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ita ma ta shiga tsaka mai wuya, domin yawancin baƙin Hijaz sun zama talakawan Ingila ko Holan ko Faransa, kuma jakadun waɗannan ƙasashe a Jidda suna iya tsoma baki da sunan kare su. Saboda haka dokar 1867 da ta halatta wa baƙi mallakar ƙasa ta keɓe Hijaz. A 1869 aka yi dokar zama ɗan ƙasa wadda ta raba Musulmi ɗan daula da Musulmi baƙo, a 1874 kuma aka hana matan daular auren mazan Iran. A nan ne aure tsakanin Musulmi biyu ya koma al'amarin da hukuma take dubawa ta fuskar ƙasa.

Zamanin Saudiyya

Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924, Madina da Jidda a 1925, aka shelanta masarautar a 1932. Dokar igama ta fito a 1371H/1952M, ta zama ɗan ƙasa kuma a 1374H/1954M. Waɗanda suka riga suka zauna da yawansu sun zama 'yan ƙasa, shi ya sa ake jin sunaye irin su Hausawi da Fallata da Barnawi a Makka da Madina. Ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba: Shaihu Muhammad al-Amin Shinƙiɗi, mai Adwa'ul Bayan, ya zo hajji a 1367H ya zauna yana karantarwa har ƙarshen rayuwarsa. Amma ga talaka, zama ya koma hannun kafili, bizar hajji da ta umara kuma ba su ba da damar zama ko aiki. Wanda ya zarce wa'adinsa shi ne Hausawa suke kira ɗan takari, kalmar da asalinta Takrur ne, sunan da Larabawa suka san Afirka ta Yamma da shi. Sunan da a da yake nuni ga ƙasar malamai ya koma laƙabin mai gudun jami'an tsaro.

A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da kason alhaji dubu ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. A 2019 aka buɗe igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 800,000 ta dindindin, ko riyal 100,000 a kowace shekara. A farkon 2024 aka ƙara wasu rukunai, ciki har da na wanda ya mallaki gidan da ya kai riyal miliyan 4. Auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa da baƙo kuwa sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, kuma ɗan da uwarsa ce kaɗai 'yar ƙasa ba ya samun ƙasanci kai tsaye, sai ya nema bayan ya balaga.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa ma'aunin iko ya tashi daga ƙafar matafiyi da fatawar malaminsa ya koma ofishin jakadanci da asusun banki. Ana iya jin zafin haka, domin mujawarar da waƙafi ya sauƙaƙa wa talaka a da, yanzu mai dukiya ne ya fi samunta. Sai dai masu kare tsarin suna da hujja: a hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji, kuma kafin nan Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta yi fatawar rashin halaccin hajji ba tare da izini ba.

Nauyin da ya rage yana kan malamai da ɗalibai. Biza alkawari ce da mutum ya ɗauka da sharuɗɗanta, kuma babin amana da magabata suka rubuta ya isa ya nuna matsayin cika irin wannan alkawari. Dattijon da ya sayar da gonarsa don ya mutu a Madina yana buƙatar a tuna masa cewa Abu Hanifa ma bai ga lalle sai an zauna ba. Wanda zai ɗaura aure a ɓoye a unguwannin baƙi na Makka ko Jidda kuma, ya kamata ya san cewa ko da auren ya cika sharuɗɗan shari'a, 'ya'yan da za a haifa suna iya tashi babu takardar haihuwa, babu makaranta, babu hanyar neman gado a kotu, alhali kiyaye nasaba yana cikin manyan manufofin shari'a. A ɗaya ɓangaren, haƙƙi ne a kan masu bincike su nemi yadda za a raya waƙafi domin malami ko tsohon da ba shi da riyal 800,000 ya sami halatacciyar hanya zuwa maƙwabtaka da Harami. Allah ne mafi sani.