Argungu

Argungu gari ne a Jihar Kebbi, fadar masarautar Kabawa. Ya yi suna da bikin kamun kifi na kogin Matan Fada, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016. Masu cewa bikin kwana huɗu ba ya ciyar da gari shekara guda suna da hujja, domin ya tsaya kusan shekara goma kafin 2020. Sai dai ruwan da ke tara masunta shi ke shayar da fadamun shinkafa, kuma shinkafar ce ta jawo masana'antar casa ta WACOT a 2017.