Miyar gasasshen nama

Miyar gasasshen nama miya ce da ake yi da ragowar naman da aka riga aka gasa, kamar balangu ko tsire ko naman layya. Ana yin ta a ƙasar Hausa don kada naman da ya kwana ya tafi a banza, domin idan ya huce yakan bushe ya yi tauri. Yawanci dage-dage ce ta tumatir da tattasai, kuma ana cin ta da shinkafa, tuwon shinkafa, masa ko burodi.

Ire-iren naman

Balangu shi ne ya fi dacewa, saboda yankansa manya ne kuma yana da kitse. Tsire yana ɗauke da garin ƙuli-ƙuli da yaji, shi ya sa miyarsa take yin kauri da ɗanɗanon gyaɗa. Naman banda, wato wanda aka busar da hayaƙi, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin a dafa.

A birnin Sakkwato

An fi yin wannan miya a kwanakin da ke bin Babbar Sallah. A unguwannin Sakkwato irin su Runjin Sambo, bayan an yanka layya ranar 10 ga Zulhijja, akan feɗe rago a tsire shi da itace, a jera raguna gefen wuta su gasu a hankali har dare. Ana samun irin wannan gashi a Yamai da Maraɗi ma. Washegari ake sassara naman, a raba wa dangi da maƙwabta, a soya mai yawa don ajiya. Ƙasusuwa da gutsattsarin da suka rage su ake zubawa a miya. A sauran ranakun shekara kuwa, ragowar balangun da maigida ya sayo da dare ne ke shiga tukunya da safe.

Yadda ake haɗawa

Rabin kilo na nama yana buƙatar kamar tumatir 6, tattasai 3, attaruhu 2 (tarugu a bakin Sakkwatawa), albasa 2, tafarnuwa, citta, daddawa da man gyaɗa. Ana soya albasa, a zuba markaɗen kayan miya a bar shi ya soyu har mai ya taso. Daga nan a zuba naman da ruwa kofi 2, a rufe, a rage wuta na minti 20 zuwa 30. Dahuwa a hankali ce ke mayar wa naman ruwan da ya rasa wajen gashi. Gishiri da dunƙule sai an ɗanɗana tukuna, domin naman ya riga ya sha kayan yaji. Akan kankare gefen da ya ƙone, in ba haka ba miyar ta yi ɗaci.

Kiyaye lafiya

Haɗarin wannan miya yana wajen ajiyar naman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki, kuma a adana shi ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Wannan yana da muhimmanci a Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga kuma yawan ɗauke wutar lantarki. Wasu ƙwayoyin cuta, kamar Staphylococcus aureus, suna barin dafin da tafasa ba ta kashe shi, kuma yana jawo amai da gudawa. Saboda haka naman da ya yi yauƙi, ya canja launi ko ya fara wari, zubar da shi ake yi. Wanda ke cikin firji a yi amfani da shi cikin kwana 3 zuwa 4, kuma miyar ta tafasa sosai kafin a ci.

A wasu ƙasashe

A kudancin Amurka akan sa ragowar naman gashi a miyar Brunswick tare da masara da wake. A Ingila kuwa ana niƙa ragowar gasasshen naman rago, a rufe shi da dakakken dankali a sake gasawa.